Kular da Aka Ɗaure da Igiya

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina gode masa a kan tsawon rai da ragowar hankali, ina roƙon tsira da aminci ga Manzonsa da mutanen gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴaƴana da jikokina, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin gidanmu da gidan surukina Alhaji Nomau, Allah ya jiƙansa, cewa wai na hana shi ruwan sanyi a kan hanyar Keita cikin tsakiyar bazara, alhali ƙanƙara tana bisa cinyata. Wasunku sun ji ta a wurin suna, wasunku a wurin biki, ana faɗa ana dariya, kuma na lura kunya ta hana kowa ya tambaye ni. Maganar gaskiya ce, na hana shi. Sai dai masu ba da labarin suna farawa daga tsakiya, su tsaya a tsakiya, ni kuwa ina so in ajiye muku shi cikakke tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

A shekarar nan ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai cika ba, makiyaya suka yi kudu da shanu tun kafin a gama girbi, har nono ya zama abin da ake tambaya gida gida a ƙauyukan bisa dutse. A ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, a ƙasar Ibohamane, yayata Zali take zaune tare da ɗanta da matarsa bayan rasuwar mijinta. Ita ce ta goye ni lokacin da mahaifiyarmu ta koma ga Allah, ita ce kuma kaɗai ta rage a duniya mai kirana Kadri ba tare da ta sa Malam a gaba ba. Zazzaɓi mai tsanani ya kama ta a farkon bazara. Ya sake ta bayan makonni, amma ya tafi da sha'awar abinci. Majo, babban ma'aikacin jinya na likitar yankin, ya gaya wa ɗanta cewa magani ya gama nasa aiki, saura abinci, idan kuwa ba ta ci ba to babu allurar da za ta tsaya mata. Da na je na tarar da ita a kan tabarma, akushin tuwo a gefenta ya bushe, furar da aka dama da ruwa ƙudaje sun gaji da ita.

"Yaya, ki daure ki ci ko loma guda," na ce.

"Kadri, ka bar ni. Bakina ba shi son komi."

"To mu tahi Buza, Rabi ta yi jinyarki."

"Wagga hanya ta kashe ni tun ciwo bai kashe ni ba. Nan mijina shike kwance, nan ni ka zama." Ta lumshe ido har na zaci barci ya ɗauke ta, sannan ta ce, ba tare da ta buɗe ido ba, "Da dai zan samu kindirmo mai sanyi, wanda bai yi tsami ba, da hura irin wadda Rabi ka kirɓawa, wataƙila in sha."

Rabi ita ce uwarku, kuma wannan ita ce kaɗai buƙatar da Yaya ta taɓa furta mini tun ina yaro. A garinmu Buza ana samun kindirmo ko a irin wannan shekara, domin akwai masu shanun da ba sa tashi daga kwari. Matsalar ita ce hanya. Ku da kuka san ta bayan an ɗan gyara ta ba za ku gane abin da nake nufi ba. Mota ɗaya ce take hawa can ranar kasuwa, tsohuwar kat-kat ta wani shofer mai suna Agali. Takan tashi da hantsi, ta hau dutse, ta gangara cikin yashi, ta sake hawa fako inda babu itacen da zai ba akuya inuwa, tana tsayawa a kowane ƙauye ana ɗora awaki da buhunan albasa, ba ta isa sai wajen azahar, ta juyo bayan la'asar. Karon farko uwarku ta zuba kindirmo a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta naɗe da jiƙaƙƙen zane, yadda iyayenmu suke yi idan za su kai wa manoma gona. Wannan dabara ta mai tafiya da ƙafa ce. Mota ta kaɗa nonon kamar yadda Bafulatana take kaɗa shi a buta, zanen ya bushe tun ba mu bar ƙasar Buza ba, abin da na sauke a gaban Yaya tsala ne mai tsami da ɗan mai yana yawo a kai. Ta sansana, ta mayar da faifai.

Gida ya cika da shawarwari. Ɗana Mahamadu ya kira daga Tawa ya ce akwai firigo, wato firiji, ƙarami da ake haɗawa da mota, zai nemi rance ya saya. Na hana shi, domin ba na son ɗana ya shiga wuyan mutane a kan abin da ba mu tabbatar da amfaninsa ba, na kuma tambayi Agali, ya yi dariya har rawaninsa ya zame.

"Malam, batirin ga da addu'arka shi ka tada mota da sahe. In ka ɗora mishi firigo, ni da kai da firigon duk bisa dutse mu ka kwana."

Wani ya ce tulu, aka tuna masa cewa ko ƙashin mutum da ƙyar yake isa can bai tsage ba. Uwarku ce ta ce a nemi irin akwatin robar da masu sayar da ruwan sanyi suke yawo da shi a tasha, wanda ƴan lakkwal, wato masu ilimin boko, suke kira gilasiyer, mu kuma muka bi bakin ƴan kasuwa muna cewa kula. Na sauka Madawa ranar kasuwa domin wannan kaɗai. Na shekara da yawa ina karantar da hukuncin ciniki, ina gaya wa ɗalibai cewa mai saye ya duba haja da idonsa da hannunsa kafin ya ce ya saya, amma ban taɓa tsayawa ina jujjuya wani abu a kasuwa kamar ranar ba. Mai rumfar ya fara nuna mini babba mai famfo a gindi, ya ce irinta alhazai suke saye. Na ga ba za ta zauna a cinya ba, dole a jefa ta baya cikin rana, wani ya zauna a kai, famfon kuma shi ne abin da zai fara karyewa idan mota ta faɗa rami. Ya kawo ta soso, fara, marar nauyi, mai araha ƙwarai. Na danna ta da babban yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba, na ce wannan ƙahon akuya ɗaya ya ishe ta. Can ƙasa, ƙura ta rufe ta, na hango wata matsakaiciya mai kaurin bango, wadda murfinta yake shiga da ƙyar ya fita da ƙyar. Na ɗaga ta wajen haske ko zan ga tsaga, na sansana cikinta ko an taɓa zuba mata wani abu, na zauna a kan benci na ɗora ta a cinya na rungume ta kamar ina cikin mota, masu wucewa suna kallona. Akwai ja akwai mai ruwan toka, na ɗauki mai ruwan toka domin na san yadda baƙar riga da farar riga suke a cikin rana. Kuɗinta bai fi ƙarfina ba, ban kuma taɓa nadamar sayenta ba.

Uwarku ta koyi shirya ta a wurin wata maƙwabciya mai firigo da take sayar da ƙanƙara idan kuran, wato wutar lantarki, bai ɗauke ba. Ƙanƙarar babbar dunƙule ce a cikin leda, domin ƙanana sun fi saurin narkewa. Kindirmo a cikin robar da aka cika har baki aka murɗe murfi, domin abin da ya cika ba ya kaɗuwa. Dawon fura a sama, a naɗe daban. Maƙwabciyar ta ƙara da gargaɗi guda, ta ce kada a buɗe sai an isa.

Na ji gargaɗin, na kuma yi niyyar bin sa. Amma ba mu kai ƙauye na biyu ba wata mata da ke bayana, da jinjiri a hannu yana kuka har muryarsa ta dushe, ta leƙo ta ce, Malam, abin ga ƙanƙara ta? Na buɗe, na fasa mata gutsure. Wani dattijo ya ga haka ya miƙo moɗarsa. Daga nan labari ya bi motar daga gaba zuwa baya, duk inda muka tsaya sai hannu ya shigo ta taga. Har yau ban ɗauki abin da na yi laifi ba. An rene ni a kan cewa mai ƙishirwa yana da haƙƙi a cikin ruwan da yake hannunka, na kuma faɗi haka a gaban jama'a sau da yawa, ba zai yiwu in faɗa a masallaci in ƙi aikatawa a mota ba. Sai dai da muka isa, abin da ke cikin kula ruwa ne mai ɗumi, roba tana iyo a ciki, kindirmon kuma ya juya. Yaya ta ɗanɗana da bakin ludayi domin kada in ji kunya, ta ce Allah ya yi mini albarka na wahala, ta juya fuskarta wajen bango. A wannan zuwan na ga ta daina salla a zaune, ta koma yi a kwance. Matar ɗanta ta raka ni bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi, ta ce ruwa kaɗai take karɓa, shi ma kurɓi biyu.

Da na komo gida uwarku ta buɗe kular, ta dubi cikinta, ta dube ni.

"Malam, kula ba ta da laihi. Mai kula dai."

"To, mutum shi roƙe ni ruwa cikin wagga rana in ce mishi a'a? Da wane baki zan koma in yi ma mutane wa'azi?"

"Ni ban ce ka hana kowa ba. Ni dai abin da na sani, duk motar Agali ta sha, Yaya ba ta sha ba."

Ta ɗauki kular ta tafi wanke ta, ta bar ni da maganar. Washegari na zauna da ita tsakanin magariba da isha'i ina juyawa. Na san kaina, na san idan aka sake miƙo hannu zan sake buɗewa, domin muddin abin nawa ne to haƙƙin mai roƙo yana kansa. A nan Allah ya buɗe mini abin da yake gabana tun farko. Abin da ba naka ba, ba ka da ikon kyauta da shi, ko da zuciyarka tana so. Wanda aka ba ajiya hannunsa ɗaure yake, kuma malamanmu sun tafi a kan cewa kyauta tana lazimtar mai ita da zarar ya furta, tana cika idan wanda aka ba ko wakilinsa ya karɓa. Na karantar da waɗannan babuka ga mutanen da yanzu su ma suna karantarwa, kullum misalina raƙumi ne ko gona, ban taɓa zaton ranar da zan buƙace su a kan robar nono za ta zo ba. Na sa aka kira ɗan Yaya a waya, ya kai mata wayar a kunne, na yi mata bayani, na ce ina so ta wakilta ni in karɓi abin da Rabi za ta ba ta.

"Na wakilta ka, Kadri," ta ce da wata siririyar murya, "in dai za ka bar ni in kwanta."

Ranar kasuwa ta gaba, da sassafe, uwarku ta sayi nono da ƙanƙara da abin hannunta, ta shirya kula, na kira maƙwabta biyu da suka fito daga masallaci suka tsaya a zaure. Na ce ta furta. Ta yi ta ƙoƙarin danne dariya, ta ce ita ba ta taɓa ganin an kira shaidu a kan fura ba, amma ta furta: ta ba Yaya Zali duk abin da yake cikin wannan kula, kyauta domin Allah. Na ce na karɓa a madadinta. Sannan ta ɗauko igiyar kaba ta ɗaure kular ta kowace fuska, ta yi ƙulli a kan ƙulli.

"Wagga igiya ba ta cikin littahi," na ce.

"Ba ta ciki. Tawa ta. Littahi ya san Malam, ni ma na san shi."

Ban tafi hannu wofi ga mutanen hanya ba. Ta cika mini babban bido, wato jarka, da ruwan randa, ta ɗinke shi cikin buhu ta jiƙa, aka rataye shi a jikin mota inda iska take bugunsa. Wannan nawa ne, kowa ya sha, kuma yana da sanyi gwargwadon ruwan salka.

A ranar ce Alhaji Nomau ya shigo motar, zai je ganin albasa a kwarin Keita. Ga waɗanda ba su riske shi ba cikin jikokina, shi ne mahaifin mijin ɗiyata Hasana, ɗan kasuwa mai faɗin hannu da faɗin murya, kuma shekaru da dama kafaɗarsa tana jikin tawa a sahun gaba. Muka zauna tare a gidan gaba, ni da kula a cinya. A tsakiyar fako taya ta fashe. Kowa ya sauka, babu inuwa sai ta motar, ita ma rana tana tsaka ta shige ƙarƙashinta. Mutane suka yi layi a kan bido. Alhaji ya dubi layin, ya dubi cinyata, ya ɗaga murya yadda ya saba.

"Malam, kwance muna igiyar ga mu ga rahamar Allah."

"Alhaji, ga ruwa can ga bido, da sanyinshi. Bari in ɗebo maka da kaina."

"Ruwan buhu? Ni da nike jin ƙanƙara tana motsi bisa cinyarka?"

"Ba tawa ba ta, Alhaji. Ajiya ta. Ta Yaya Zali ta."

"Yaya Zali ba yayarka ba ta? In ka tambaye ta hana ka za ta yi? Gutsure guda, Malam. Ɗiyarka tana gidana tana shan abin da ta ga dama."

"Da ita ta ce in ba ka, da na ba ka duka. Ba ta ce ba."

Na san da zan kira ta a tambaya cewa za ta yi a ba shi, domin Yaya ba ta taɓa hana kowa komai ba, shi ya sa ban nemi izinin da na san kunya ce za ta bayar da shi ba. Na kuma dube shi da kyau kafin in rufe bakina. Gumi yake yi, amma jikinsa da ƙarfi, muryarsa tana kai wa bayan mota. Ku riƙe wannan, domin shi ne gefen da ba a faɗa: da shi ko waninsa ya kai ga halin da ake tsoron rai, da na yanke igiyar nan da wuƙar Agali ban jira kowa ba, in biya Yaya daga baya, domin ceton rai yana gaba da ajiya. Ba a kai nan ba. Inda aka kai shi ne an ce masa a'a a gaban masu ɗaukar masa buhu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutum irinsa. Bai sha ruwan bidon ba. Ya koma can gefe ya tsuguna da carbinsa, da aka gyara taya ya hau baya cikin awaki ya bar mini gidan gaba.

Abin ya ci mini abin da ya ci. Har aka yi girbi Alhaji yana salla a ɗaya gefen sahu. Yara a tasha suka sa mini Malam mai igiya. Wanda ya fi damuna shi ne Hasana, wadda ta sha habaici a gidan miji a kan abin da ba ta ji ba ba ta gani ba, ba ta kuma taɓa kawo mini ƙara ba, Allah ya yi mata albarka. Daga baya ni da shi mun daidaita ba tare da wani ya shiga tsakani ba, ya dawo wurinsa a sahu, ya mayar da abin wasa, duk taron da muka haɗu sai ya ce a ɓoye ruwa ga Malam nan. A bakinsa labarin ya samu siffar da kuka ji, ban kuma taɓa gyara masa ba yana raye, domin na ga da wannan wasan yake wanke abin da ya rage a zuciyarsa.

Muka isa ƙauyen rana ta fara karkata. Matar ɗan Yaya ta yi ta fama da ƙullin uwarku har ta gaji ta sa wuƙa. Da murfin ya buɗe, sanyi ya bugi fuskokinmu, dunƙulen ƙanƙarar ya ragu amma yana nan, kindirmon kuwa a kame yake fari kamar yanzu aka ɗauko shi daga ɗaki. Aka dama fura a ƙaramar ƙwarya, aka bari sanyin ya ɗan sassauta domin haƙoranta, aka tallafo ta aka jingina da bango. Ta karɓi ludayi da hannu biyu. Ta kurɓa, ta tsaya, muna kallonta babu mai motsi. Ta sake kurɓa. Ni dai na sunkuyar da kai ina karanta abin da ya sawwaƙa, ina jin ƙarar ludayi a jikin ƙwarya, har na ji ƙarar ta sauya ta zama ta kankare gindi. Abin da ya rage a kula aka juye mata a ƙwarya aka ɗora bisa randa, ya kai ta washegari, kuma daga wannan makon na riƙa hawa duk ranar kasuwa har ruwa ya sauka shanu suka dawo. Ta tashi, ta koma salla a tsaye, ta rayu shekaru bayan haka har ta ga auren jikokinta.

Amma a ranar ban san duk wannan ba. Abin da na sani shi ne, da Agali ya danna oda na miƙe zan tafi, ta kama gefen rigata.

"Kadri."

"Na'am, Yaya."

"Ka gaya ma Rabi citta ta yi yawa. Ko ta manta ni ba ni son yaji cikin hura? Wani zuwan ta rage."

Da wannan saƙon na sauko daga dutse, kula wofi a cinyata. Na isa gida bayan isha'i, na tarar da uwarku a tsaye bakin zaure ba ta ko zauna ba, na isar mata da shi kalma da kalma kamar yadda aka ba ni. Ta sa gefen zane ta goge fuska, sannan ta ce alhamdu lillahi, tunda Yaya ta fara kushe girkinta to ta warke, kuma citta ba za ta rage ko ƙwaya ɗaya ba.